Barandar Auta Mara Ƙafa

Sanyi yana saman ginin da tiyo a hannu, yana shayar da kankare, sai ya ji mota ta tsaya a ƙasa. Bai leƙa ba, a zatonsa masu kawo yashi ne. Ya ci gaba da bin rufin kusurwa-kusurwa, yana jiƙa tsofaffin buhunan da ya shimfiɗa don kada rana ta shanye ruwan. Sai ya ji tafin ƙafarsa ya yi wani irin zirr, sannan ƙarar ta iso kunnensa. Guduma ce a kan katako, kuma a ƙarƙashinsa ake bugawa.

Ya saki tiyon a nan yana zuba, ya bi tsani ya sauko.

Sanyi magini ne. Sunan kuwa a wurin aiki ya same shi, don ko bulo ka sakar masa a ƙafa, shi ne zai fara ce maka sannu. Ginin na ƙanwarsa ne, Auta, wadda ke aikin jinya a asibiti. Ita ta sayi filin, ita ta zauna da injiniya ta faɗa masa irin gidan da ke cikin kanta: falo da kicin a haɗe babu bango a tsakani, tagogi tun daga ƙasa har sama, matakala mai faɗi wadda mahaifiyarsu za ta iya hawa da ciwon gwiwarta. Abin da ta fi ƙwallafa rai a kai shi ne baranda. Ta ce a sama take sonta, mai lanƙwasa kamar rabin faranti, ta fito waje sosai, kuma kada a sa mata ginshiƙi ko ɗaya a ƙasa. Ta ce duk yini tana cikin ɗakunan da ke warin magani, tana so in ta dawo ta zauna a inda za ta ji kamar a iska take.

Mutanen layin suka sa wa gidan suna tun bai kai linta ba, wai gida mara ƙafa. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Sanyi, aljanu ne za su riƙe muku ita?" Shi dai sai ya yi murmushi ya ce rodi ne zai riƙe.

Ginin bai zo da sauƙi ba. An haƙa tushe, ruwan sama ya cika shi ya zubar da gefensa, aka sake haƙawa. An kawo bulo mota guda, Sanyi ya ɗaga ɗaya ya murje a hannunsa kamar busasshen burodi, aka mayar. An gina matakala, Auta ta kawo mahaifiyarsu ta gwada, tsohuwa ta tsaya a tsakiya tana haki, aka rushe aka sake. Da kyar da jiɓin goshi aka kai ga zuba rufin kankare da barandar a rana ɗaya, tun safe har yamma ba a tsaya ba, rodin barandar a saƙe cikin rodin rufin falo kamar yatsun hannu biyu.

Wanda ya buga katakon da aka zuba kankaren a kai kuwa shi ne Zarto, kafinta, mijin Auta, kuma abokin aikin Sanyi tun suna samari. Ana ce masa Zarto saboda bakinsa, ba ya magana sai ya yanka. Amma a katako babu kamarsa. Shi ya jiƙa falanki, ya tsattsaga bayansa, ya lanƙwasa shi a hankali har bakin barandar ya fito kamar an zana da alƙalami. Sandunan tokare da ke ƙasa kuma su biyu suka kafa su, kamar yadda suka saba: Sanyi ya sa kafaɗa ya riƙe sanda a tsaye, Zarto ya durƙusa ya buga weji, ɗan guntun katako mai tsini, a gindinta. Zarto ya ce, "Ya ci?" Sanyi ya saurari sandar da kafaɗarsa ya ce, "Ƙara." Zarto ya ƙara bugu ya ce, "Ya ci?" Sanyi ya ce, "Ya ci." Haka suka bi su duka, har ƙarƙashin barandar ya zama kamar ƙaramin daji.

To, auren bai kai kankaren bushewa ba. Bayan zubin da 'yan kwanaki Auta ta zo gidan Sanyi da ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe. Ta ce, "Yaya, ba yau ya fara ba, amma yau ya gama." Manya suka zauna, ta ƙi komawa, aka raba auren. Sanyi bai je ya ce wa Zarto komai ba. Ya dai ci gaba da zuwa ban ruwa safe da yamma, don kankaren ko rabin kwanakinsa bai yi ba, kuma kafin ya yi ƙarfi waɗannan sanduna su ne ƙafafun barandar.

Yanzu ga Zarto a tsakiyarsu da babbar guduma, sanda ɗaya ta riga ta kwanta a ƙasa. Leburori biyu da ya zo da su suna tsaye a bakin mota.

Sanyi ya ce, "Zarto, ina kwana."

"Ban zo gaisuwa ba."

"To ai an gaisa. Lafiya dai?"

"Katakona na zo kwashewa."

"Naka ne," in ji Sanyi. "Babu wanda ya ce ba naka ba ne. Ka bari ya kama, ni da kaina zan cire, in zare ƙusoshin, in kai maka har shago."

Zarto ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "In bari? Itacena ya tsaya yana dakon baranda, gobe wani ƙato ya zo ya miƙe ƙafa a kai yana shan iska da matata? Ni ne jakin gidanku?"

"Babu wani ƙato. Kuma ka fi ni sanin abin da zai faru in ka cire su yau."

"Na sani mana. Ba ta ce ba ta son ƙafa ba? To ga shi zan cire mata."

Ɗaya daga cikin leburorin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya matso ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya ce, "Maigida, wannan kankaren fa ɗanye ne. Ka ga ko launinsa bai juya ba."

"Na ɗauko ka ne don ka yi mini huɗuba? Ɗauki waccan ka sa a mota."

Zarto ya juya ya ɗaga gudumar ya sauke a gindin sanda ta biyu. Wejin ya yi tsalle, sandar ta yi lilo ta faɗi. Sanyi ya sunkuya ya ɗauki ta farkon kafin leburan ya kai gare ta, ya tsayar da ita a gurbinta, ya tura wejin da ƙafa, ya ɗauki guntun bulo ya buga. Zarto ya kayar da ta uku, Sanyi ya tayar da ta biyun. Haka suka yi ta yi, wannan na kayarwa, wancan na bin bayansa yana tayarwa, kamar masu wani wasa mara daɗi. Sai dai kayarwa bugu ɗaya ce, tayarwa kuwa aikin mutum biyu ne, Sanyi ya fara zama a baya.

"Ka daina bina kamar kare," in ji Zarto.

"Ka daina kayarwa sai in daina."

"Kai ko zuciya ba ka da ita? Na fasa wa ƙanwarka baki, ko tari ba ka yi ba. Wane irin namiji ne kai?"

"Magini ne," in ji Sanyi, yana rungume da sanda. "Matsa mini kaɗan."

Zarto ya matsa, amma da gudumar ya matso. Ya sauke ta a jikin sandar daidai inda hannun hagun Sanyi yake. Ƙarar da ta fita ba irin ta katako ba ce. Sanyi ya durƙushe, ya cusa hannun a hammata, bakinsa a buɗe amma babu sauti. Da ya ciro ya duba, yatsu biyu sun baje, farcen ɗaya yana reto, jini yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a yashi.

Dattijon nan ya ce, "Innalillahi! Maigida, ba haka muka yi da kai ba." Ya ajiye sandar da ya ɗauka, ya ja abokinsa, suka fice suka bar motar. Direban ma ya kulle ƙofa ya bi su.

Sanyi ya miƙe a hankali. Ya cire hularsa ya naɗe hannun, ya sa kafaɗa ya sake tayar da sandar.

Wannan ne ya haukata Zarto. Da Sanyi ya zage shi, ko ya kai masa naushi, wataƙila da abin ya tsaya a nan. Ya yar da gudumar, ya fizgo wani falanki daga tarin da ke gefe, bai ko duba cewa akwai ƙusa a bakinsa ba, ya shimfiɗa wa Sanyi a gadon baya. Rigar ta yage, ƙusar ta ja layi tun daga kafaɗa har kwiɓi. Ya ƙara masa a wuya. Ya ƙara a kunne. Sanyi ya faɗi da fuska a kan yashi, ya tofar da jini da ɓallin haƙori, ya ja jiki ya kama gindin sandar da hannunsa mai lafiya don kada ta faɗi.

"Saki!"

"Ba zan saki ba."

"Na ce ka saki, ɗan wahala! Gidanka ne? Ko ɗaki ɗaya aka ce za a ba ka?"

Ya sa takalmi ya taka masa wuyan hannu yana murzawa. Maƙwabta sun fara taruwa a bakin titi, mata suna salati, maza suna cewa a bari, a bari, amma babu wanda ya yarda ya shiga ƙarƙashin barandar. Kowa yana ganin gurbin sandunan da babu.

Cikinsu ne wani ya buga wa Auta waya. Asibitin ba shi da nisa. Ta sauko daga kan babur tun bai gama tsayawa ba, da fararen kayan aikinta, ta ratsa mutane ta shige kai tsaye.

"Ɗaga ƙafarka daga kan yayana!"

Zarto ya juyo. "A'a, ga mai gida da kanta. Hajiyar sama. Zo ki ga yadda ake sauke baranda."

"Ka kwashe tsiyarka ka fita. In katako ne, a ƙona shi ma ban damu ba, amma ba yau ba."

"Da ni kike? A gaban mutane?"

"Da kai nake. An wuce lokacin da zan rufe ƙofa in yi shiru."

Sanyi daga ƙasa ya ce, "Auta, fita. Fita daga nan ƙarƙashin."

Ba ta ko dube shi ba. Zarto ya kai hannu ya damƙi wuyan rigarta ya murɗe, ya ɗaga ta har sai da ta tsaya a kan yatsun ƙafa. Ta kai masa yakushi a ido. Ya jefa ta jikin tarin bulo. Bayan kanta ya bugu, bulo biyu suka zubo mata a cinya, ta zame ta zauna, jini ya gangaro ta bayan kunnenta ya shiga farar rigar yana faɗaɗa.

Sanyi ya saki sandar.

Akwai guntayen rodi da masu ɗaurin ƙarfe suka bari a gindin bango. Bai san lokacin da ya ɗauki ɗaya ba, mai kauri, tsawon hannu. Zarto ya ga tahowarsa, ya ɗaga hannun dama ya kare fuska, har yana shirin faɗin wata magana. Rodin ya sauka tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Kowa a bakin titi ya ji ƙarar, kamar an karya busasshen reshe. Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Zarto ya kurma ihu, Sanyi ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara a gwiwa, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Zarto ya rungumo shi da hannu ɗaya ya kafa masa haƙora a kafaɗa, suka tafi da baya su biyu suka afka cikin sandunan. Ta farko ta bugi ta biyu, ta biyu ta bugi ta uku, layin bakin barandar gaba ɗaya ya zube a kansu da kewayensu.

Sanyi ne a sama. Ya ɗora rodin a maƙogwaron Zarto, ya danna da hannu ɗaya da gwiwa. Idanun Zarto suka firfito, ƙafafunsa suna shure yashi. Auta tana ta kira, "Yaya! Yaya, za ka kashe shi! Yaya, don Allah!" Bai ji ta ba. Mutanen titi suna ihu, su ma bai ji su ba. Fuskar kawai yake gani, tana komawa baƙi-baƙi, kuma a ransa babu abin da yake so sai ta daina motsi.

Sai ɗigon ruwa ya faɗo a goshin Zarto. Wani ya sake faɗowa, ya gangara cikin idonsa.

Sanyi ya ɗaga kai. Tiyon da ya bari a sama yana zuba, ruwan ya taru a kan rufin, ga shi yanzu yana fitowa ta tsakanin falankin, a layi ɗaya, daidai inda barandar ta haɗu da bango. Ruwa ba ya ratsa kankare mai lafiya. Yana cikin kallo ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, sannan ƙas, falankin bakin barandar ya yi ƙasa kaɗan, ƙusoshi suna kuka.

Ya cire rodin ya jefar. Ya je ya kama Auta a hammata ya ja ta har waje, ya ajiye ta a hannun matan da ke wurin. Ta riƙe masa riga.

"Kada ka koma. Bar ta ta faɗi, Yaya, na yafe."

"Ba ita kaɗai za ta faɗi ba. Rodinta a cikin rufin falo yake, za ta ja shi su taho tare."

"To zan riƙe maka."

"Zauna!" Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba tun tana yarinya, har matan suka ja baya. Ya dubi mazan da ke tsaye. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya juya ya koma shi kaɗai.

A ciki ƙasa-ƙasar siminti tana zubowa kamar gari. Ya ɗaga sanda da hannu ɗaya da kafaɗa, ya tsayar da ita kusa da bango inda ruwan ke zuba. Ya sunkuya zai buga weji, sandar ta kauce. Ya sake tsayarwa, ya nemi ya riƙe da hannun da aka fasa, zafin ya harba masa har ƙwaƙwalwa, ya saki. Rufin ya sake cewa ƙas.

"Ba nan ba, jaki."

Muryar ta fito a shaƙe, da kyar. Zarto ne, yana kwance a inda aka bar shi, ya jingina da gwiwar hannun hagu, yana tari. Hanyar fita tana bayansa, ko da jan ciki zai iya kaiwa.

"Ba nan ba," ya sake cewa. "Baki za ka tokare, tsakiyar lanƙwasar. Shekara nawa kana kallona, ba ka koyi komai ba?"

Sanyi ya ja sandar zuwa bakin barandar. Zarto ya bi shi da ido, ya ga yadda take rawa a hannunsa, ya yi tsaki. Ya kama wata sanda da ke tsaye ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, karyayyen hannun yana reto, ya yi tsalle biyu ya iso. Ya ture Sanyi da ƙugu, ya sa kafaɗarsa a jikin sandar ya rungume ta da hannun hagu.

"Buga. In ka karkatar mini da aiki sai na kashe ka."

Sanyi ya durƙusa ya ɗauki gudumar, wadda jininsa bai bushe a kanta ba. Ya sa wejin, ya buga, ya buga. Ya ɗago kai.

"Ya ci?"

Zarto ya rufe ido yana sauraron sandar. "Ƙara."

Ya ƙara. "Ya ci?"

"Ya ci. Ta gaba."

Suka bi layin a haka, ɗaya yana ɗingishi, ɗaya yana jan gwiwa, ruwa da garin siminti suna zubo musu a ka. Wani ɓangare na gefen barandar ya ɓalle ya faɗo dab da ƙafar Sanyi ya tarwatse, ba su tsaya ba. A sanda ta ƙarshe Zarto ya ce ya ci, sannan ya sulale a jikinta ya zauna, ya yi amai. Ƙusoshin sun daina kuka. Sai a lokacin wani daga cikin maƙwabta ya yi ta maza ya zagaya baya ya kashe famfon.

Auta ta shigo da ɗankwalin wata a ɗaure a kanta. Ta fara duba yatsun yayanta, ta naɗe su da kyau. Sannan ta ɗauki guntun falanki biyu, ta durƙusa a gaban Zarto, ta kama hannun ta ja shi ya miƙe. Ya yi ƙara har muryarsa ta dushe. Ta ɗaure shi tamau, ba ta dubi fuskarsa ba.

Ya ce, "Auta."

Ta ce da mutanen waje, "A sa shi a mota. Ba asibitinmu ba, a kai shi wani."

Maganar ta je gaban hukuma, ta dawo hannun manya, aka yi ta zama, kowa da rauninsa a jiki yana nunawa. A ƙarshe aka raba su da sharaɗin kada Zarto ya sake taka layin. Sanyi ya rasa rabin yatsa ɗaya, ɗayan ya warke a sandare. Mutanen layin ba su daina kiransa Sanyi ba, amma yanzu in za su faɗa sai sun ɗan dubi hannunsa, kuma babu wanda ya sake yi masa wasan aljanu. Shi kansa ya daina ɗaukar guntun rodi da hannu, in ya gani a hanya sai ya ture da ƙafa.

Injiniya ya zo ya hau sama, ya kwanta ya bi tsagar da yatsa, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can. Ya ce rufin falo lafiya lau, an tare shi a kan lokaci. Barandar ma za ta zauna, za a cike tsagar a gyara gefen da ya ɓalle. Amma ta riga ta sunkuya tun tana ɗanya, ba zai sa hannu a cire sandunan ba sai an kafa mata fila a ƙasa, ginshiƙi guda a tsakiyar lanƙwasar.

Auta ta ce, "Babu wata dabara?"

Ya ce, "Akwai. A fasa ta gaba ɗaya a sake, a taɓa rufin falon."

Ta tsaya tana kallon barandar daga ƙasa har injiniyan ya fara duba agogo. Sannan ta ce, "A sa mata ƙafar."

Sanyi ne ya haƙa ramin, ya sa aka ɗaura rodin. Da aka zo buga akwatin katakon da za a zuba filar a ciki, Auta ta ce a nemo wani kafinta. Ya ce to, amma bai nemo ba. Shi ya zauna da zarto da hama da yatsunsa da suka rage, ya yini yana fama, ƙusa tana lanƙwashewa yana cirewa. Aka zuba, ya ci gaba da ban ruwa safe da yamma har filar da rufin suka yi ƙarfi.

Ranar da aka sauke sandunan, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya kankare simintin da ya manne, ya jera katakon a mota ya kai shagon Zarto kamar yadda ya ce zai yi. Ya same shi a zaune a kan benci, hannun a rataye a wuya, ya rame, wani ne ke yi masa aiki a ciki. Sanyi ya ce ina wuni. Zarto ya dubi katakon, ya dubi titi. Sanyi ya sauke su shi kaɗai, ya jingina a inda aka saba jinginawa, dogaye a baya, gajeru a gaba, ya tafi.

Da yamma Auta ta biyo ta ginin daga wurin aiki. Ƙarƙashin barandar ya zama fili fetal, sai filar ita kaɗai a tsakiya. Ta zagaya ta, ta shafa jikinta inda sawun falanki ya fito tudu-tudu, ta ja baya ta karkata kai ta rufe ido ɗaya.

"Yaya, wannan filar taka kamar ba ta miƙe sosai ba."

Sanyi yana naɗe tiyo. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi filar.

"Za ta riƙe," ya ce. "In an yi filasta ba za a gani sosai ba."

"Amma ta ɗan karkace, ko idona ne?"

"Ta karkace," in ji shi. "Ba ni da kafinta."

Ya rataya tiyon a kafaɗa, ya ce ta zo su hau ta ga saman, amma ta bi a hankali, matakalar ba a sa mata abin riƙewa ba tukuna.